Ranar da Na Kira Sunan Surukina

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan aka taɓo zancen shekarar da yayarku ta fita daga gidan nan da goyo a bayanta: wai Inna ce ta kori mijinta saboda ƙarar inji ta hana ta barcin rana. Ban taɓa musanta muku ba. Wadda ta shekara talatin da ɗoriya tana duba littattafan 'yan makaranta ta san amsar da ta yi rabin daidai ta fi wadda ta ɓace gaba ɗaya wuyar gyara, domin mai ita ba ya yarda ya sake lissafi. Inji dai akwai shi, ƙara akwai ta, kuma sun tafi. Tsakiyar ce ba ku da ita. A lokacin duk kuna wuraren aikinku da karatunku, babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Saura ni, kuma ni ma likita ya fara yi mini magana da tattausar murya. Don haka ku ba ni hankalinku.

Da bazarar shekarar ne taransifomar unguwarmu a nan Talata Mafara ta ƙone. Kafin nan ma ba wai muna cikin wadata ba ne. Wuta takan zo ne kamar sufeton makarantu, ba sanarwa, ba ta daɗewa, kowa ya tashi a guje ya yi abin da ya kamata a ce ya yi tun jiya. Mu dai buƙatarmu guda ce. Babanku ya shaƙi ƙurar alli shekara arba'in, ta bar masa asma, wadda tsofaffinmu ke ce wa fuka. Yawancin ranaku ɗan abin fesawa a baki yana isarsa. Idan ta taso da ƙarfi kuwa, ƙirjin yakan rufe har ba ya iya jan abin da ya fesa, sai a koma ga na'urar da kai Nasiru ka aiko daga Kaduna: ɗan akwatin nan da ake zuba wa magani, a jona shi da wuta, ya mai da maganin tururi, a ɗora masa a hanci da baki na kamar minti goma sha biyar. Sau biyu ciwon ya taso babu wuta, muka ɗora shi a babur da akwatin a cinyarsa zuwa kemis ɗin bakin titi mai inji. A na biyun na ga yadda kansa ke rinjaya a bayan mai babur, na ce a raina ba za a yi na uku ba. Na fara tunanin yadda za mu tanadi 'yar wutar kanmu, amma ban yi sauri ba, domin tsohuwar malama ta fi ƙwarewa a tsara aiki bisa aiwatar da shi.

Ina cikin tsarin ne mijin yayarku ya iso daga Gidan Goga wata la'asar, a motar ɗaukar shanu wadda babu saniya ko ɗaya a cikinta. 'Yan bindiga sun kore garken da ya gada da wanda ya tara, sun ƙone rumbuna. Abin da ya fito da shi: matarsa, 'ya'ya biyar, katifu biyu, tukwane, da janareta ja wanda yake kunnawa a gidansa. Gari ya cika da irinsu, ɗakin haya ko na kaji babu. Malam, wato babanku, ya ba shi shagon da ke jikin zaure, yayarku da yaran suka cika ɗakina na biyu. Ku da kuka yi zaman birni sai na tuna muku abin da wannan yake nufi. Mutumin da dillalai ke tashi tsaye idan ya shigo kara, wato kasuwar shanu, ga shi yana kwana a ƙofar surukansa, yana cin tuwon da surukarsa ta tuƙa. Kuma ni da shi shekara goma sha huɗu ba mu taɓa haɗa ido ba. Mijin 'yar fari ne, wadda ita kanta ba na kama sunanta. Idan zai gaishe ni, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalma, ya durƙusa, ya gai da bango, ni kuma in amsa wa turmi. Da za a jera mini maza goma a ce in fitar da shi, da sai na roƙi a nuna mini takalmansu.

Washegari da safe ya zagaya gidan yana neman inda zai ajiye injin. A waje ɓarayi, a tsakar gida yara da murhu. Ƙarfe guda ne a gidan nan da za a iya ɗaura wa sarƙa, shi ne na tagar turakar babanku, wadda ke kallon ɗan lungun da ke tsakaninta da katanga. Nan ya shigar da shi, ya zarga sarƙa, ya danna kwaɗo, ya ratsa waya ta tagar yadda ba ta ƙara rufuwa ruf. Da magariba ya ja igiya. Kwan lantarki ya kama a zaure, fanka ta juya, yara suka yi ihu, maƙwabta suka fara aiko wayoyinsu. Na hango bayansa daga madafa, na ga kafaɗun da suka shigo a sunkuye jiya sun ɗan miƙe. Na kuma ga hayaƙin. Lungun nan ba shi da mafita, iska ba ta ratsa shi, abin da ya fito daga bututun injin hanya ɗaya gare shi.

Kwana uku na ba abin, ina jin tarin Malam yana sauya murya. A na huɗu na kai masa kunu da safe na zauna.

"Malam, injin nan a ƙarƙashin hancinka yake."

"Na gani. Ai ba makaho ba ne ni."

"To a gaya masa ya ɗauke."

"Ya kai shi ina? Kuma wa za ya hwaɗa mishi? Ke?" Ya ajiye ludayi. "Saurara, Malama. Yaron nan an raba shi da shanunai, an raba shi da gidanai. Abu guda ya rage mishi da za ya ba wani, shi ne wutar nan. Ranar da kika ce mishi wutarshi cuta ce, kin mai da shi almajirin gidanmu. Na hana ki."

"Ko da za ta kashe ka?"

"Tari ne. Tari bai kashe kowa ba sai wanda kwananshi ya ƙare."

Na ce to ya dawo ɗakina. Ya ce mai gida ya bar turakarsa ranar da aka kafa inji a bayanta, ai ya yi shela ke nan ba da baki ba. Dabarar da ya yi wa kansa ita ce, in ya tafi sallar magariba ba ya dawowa sai bayan isha, lokacin an kusa kashewa. Liman har ya fara yabonsa a gaban jama'a.

Tunda an hana ni magana, sai na yi abin da kowace mace mai kunya take yi, na aika. Na kira yayarku ɗaki na gaya mata dalla-dalla, kamar ina koyar da aji uku: hayaƙin injin mijinki yana shiga ɗakin ubanki, ƙirjinsa ba ya ɗauka, ki ce ya kashe ko ya fitar. Ta murza bakin zane.

"Inna, da wane baki? Jiya fa na ga ya yi dariya. Tun da muka baro gida ban ga haƙoranshi ba."

"Da bakin da kike cin tuwo."

Ta dai je. Abin da ta faɗa masa ban ji ba, amma na ga sakamakonsa. Ashe da saƙon ya isa, ya zama wai Inna tana jin tausayin injin a lungu, ga rana, ga damina tafe. Kafin azahar ya kawo kafinta, aka kafa wa injin rumfar kwano mai kyau, daga katanga har saman tagar. Da can wani hayaƙin yakan tsere sama. Yanzu an yi masa rufi, an nuna masa hanya.

Sai na aika garin Bakura aka kira Gwaggo Tumba, yayar babanku, wadda a sanina ba ta taɓa tauna magana ba. Ita ce ta taɓa gaya wa wani mai unguwa cewa rawaninsa ya fi kansa amfani. Ta zo, ta ji tarin ƙaninta, ta dafe ƙirji, ta ce a kira mata yaron nan yanzu. Na laɓe a bayan zaure. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin sa'a: gajiya, iyali, mutanen Gidan Goga da suka watse, jaje, addu'a, a sake gajiya. Da ta zo kan maganar sai na ji muryar da ban san ta da ita ba.

"Wato Alhaji, Malam shina ta sa maka albarka. Wanga haske da ka kawo muna, Allah shi haskaka maka. Abin da ke damunai guda ne, wahalar da kake sha wurin man nan. Da za ka ɗan rage kunnawa, ka huta…"

"Haba Gwaggo! In don mai ne, wallahi ko rigata sai in sai da. Baba ya ba ni wurin kwana, ni in kasa ba shi iska? Ashe ma zahi na damunai da rana ban sani ba."

Da ta shigo na tare ta da ido. Ta ce, "Ke, kin ga idon yaron nan kuwa? Ni ba ni iyawa." Ta hau mota ta koma Bakura. Washegari jarka biyu suka shigo gidan, kuma daga ranar injin ya fara tashi tun azahar, lokacin da Malam ke kwance a ɗaki babu masallacin da zai fake a ciki. Na aika saƙo sau biyu, na farko ya jawo rufi, na biyu ya jawo ƙarin sa'o'i. Na lissafa cewa in na aika na uku, mai yiwuwa a shigar da injin cikin ɗakin.

Daga nan na daina neman baki, na koma neman wuta. Na ɗauko tsohuwar rajistar aji wadda ta rage da shafuka, na ja layi biyu, na raba buƙatun gidan gida uku: abin da in babu shi za a mutu, abin da in babu shi za a sha wuya, da abin da in babu shi maƙwabta ne kawai za su lura. A gida na farko abu ɗaya na rubuta, na'urar Malam. A na biyu fanka ɗaya, kwan lantarki ɗaya, da cajin waya ɗaya don kiran mai mota. Firji da talabijin da dutsen guga duk suka tafi gida na uku. Na sa hijabi na tafi shagon Lawali mai kayan sola a bakin kasuwa, wanda na koyar a aji biyar, yanzu har da furfura a gemunsa, amma da ya gan ni sai da ya ɓoye hannunsa a baya. Ya juya na'urar ya karanta abin da ke rubuce a gindinta, ya duba rajistata.

"Malama, da kowa haka yake zuwa da na huta. Mutum za ya zo ya ce a ba shi batir guda ya ɗauki gida duka har da injin niƙa."

"Ba yabo na zo nema ba. Me zai ishe ni?"

"Batir guda babba, da inbata ƙarama wadda za ta mai da wutarshi irin ta gida, da faifan sola guda a kan rufi. In na'urar nan ce kaɗai, za ki kunna ta sau da yawa a yini ba ki taɓa rabinshi ba. Amma sharaɗi uku. Kada ki bari ya sauka ƙasa da rabi. Kada ki rufe shi inda ba iska. Kuma duk wanda ya zo da dutsen guga, ko waye, ki ce Lawali ya hana."

"Akwai na huɗu. Ba na so kowa a gidan ya sani."

Ya dube ni, ya buɗe baki, sai tarbiyyar aji biyar ta rufe masa shi. Na sayar da tumakina biyu. Ranar Talata, da surukina ya tafi kara yana dillancin shanun wasu, Lawali ya shigo da batirin a cikin buhun gero, ya hau ta bayan gida ya kwantar da faifan a gefen rufin ɗakina da ba a gani daga tsakar gida, ya sauko da waya ta bayan labule. Batirin ya zauna a ƙarƙashin teburina kusa da taga, na yafa wa teburin zane ta gaba. Kowace safiya nakan duba 'yar fitilar da ke nuna ya cika. Kowace Juma'a nakan ɗauko na'urar in gwada ta minti biyu, in ƙure rediyo don kada a ji gurnaninta. Ni da na yi shekaru ina kama yara da satar amsa, ga ni ina satar wuta daga rana a cikin gidana.

Niyyata, Allah ya sani, ita ce in sami ranar da zan nuna wa Malam, shi kuma ya sami dabarar da zai ce wa surukinsa likita ya ba da umarnin a koma sola, kowa ya fita da mutuncinsa. Sau uku ina kai maganar bakina ina mayarwa, domin na san tambayar farko da zai yi ita ce da izinin wa. Haka muka ci mako bakwai. Malam ya rame, ya koma barci a zaune, leɓɓansa suka yi duhu. Idan surukin ya durƙusa ya tambayi jiki, sai ya ce da sauƙi, zafin bana ne.

Ranar da abin ya faru Talata ce kuma, rana irin wadda kwano ke ƙara shi kaɗai. An kunna injin tun azahar, man ya ƙare wajen la'asar, ya mutu. Surukina ya dawo daga kara da abokan sana'arsa uku daga Maradun, manyan mutane, suna zaune a zaure ana jiran fura. Ina damu ke nan na ji wani abu ya faɗi a turaka. Na tarar da babanku a ƙasa ya jingina da gado, buta ta kife, abin fesawar yana hannunsa ya fesa ya fesa ba ya shiga. Wuyansa duk jijiya. Ƙirjin da kullum ke kuka kamar tsohuwar ƙofa ya yi tsit, kuma ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mini cewa shirun nan ya fi kukan muni. Ya dube ni yana son ya ce wani abu, harafin farko kaɗai ya fito. Ɗakin kuwa wari yake kamar tashar mota.

Na ƙwala wa yayarku kira, muka kama shi muka fito da shi tsakar gida, muka zaunar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗakina. Kukan yara ya jawo na zaure. Surukina ya shigo da gudu, karo na farko da takalmansa a ƙafa, baƙin suna biye da shi har bakin ƙofa. Kallo ɗaya ya yi ya gane na'ura ake buƙata, ya suri jarka ya nufi lungun. Na ji ƙarar mai yana zuba. Lungun nan bakinsa taku biyar ne daga inda Malam yake zaune, kuma na san baƙin hayaƙin da injin ke tofarwa a tashin farko.

Na ce wa yayarku, "Hana shi." Ta dube ni, ta dubi lungun, ba ta motsa ba. Na dubi Malam. Ko a wannan hali, da idon da ya fara juyewa, ɗaga mini yatsa ya yi yana girgiza shi. Na ji an ja igiya sau ɗaya, injin ya yi tari bai kama ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kallabina ya zame ban tsaya ɗauka ba. Na tsaya a bakin lungun da muryar da nake tsayar da yara ɗari shida a filin makaranta.

"Mainasara! Sake igiyar nan!"

Ya juyo. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ashe yana da tabo a gira.

"Inna… wuta… na'urar Baba…"

"Injinka ne ke kashe shi! Mako bakwai hayaƙinka yake sha, kunyarka ta hana shi faɗa. In ka ƙara jan igiyar nan, kai za ka haƙa kabarinsa. Fito daga nan!"

Igiyar ta zame daga hannunsa ta koma da kanta. Ban jira ba, na shiga ɗaki na fizge zanen teburin, na jawo wayar zuwa ƙofa, na jona na'urar. Garin sauri rabin maganin farko ya zube a tabarma, na buɗe na biyu. Na danna. Ta yi gurnani, tururi ya fito, na ɗora masa a fuska na riƙe ƙeyarsa. Na ce wa ɗaya daga cikin baƙin, ban ma san wanne ba, ya je ya kawo mota. Sai a lokacin na lura inda surukina yake kallo. Ba Malam yake kallo ba, ba ni ba. Batirin yake kallo, da 'yar koriyar fitilarsa, da wayar da ta hau bango a gyare, aikin da kowa ya gani ya san ba yau aka yi shi ba. Baƙinsa ma sun gani. Maganar da na yi za a iya cewa ta firgici ce. Batirin kuwa ya gaya masa cewa an daɗe da sanin kyautarsa cuta ce, an yi shiri a bayansa, ana amsa gaisuwarsa kullum da sannu da ƙoƙari.

Sauran kun san shi, ko da a karkace. Malam ya kwana biyu a asibiti. Kafin a sallamo shi surukina ya kwance sarƙarsa, ya sami wani kango a Maradun wurin ɗaya daga cikin mutanen nan, ya kwashe iyalinsa a lokacin da hanyar ba ta da aminci ko da rana tsaka. Yayarku ta durƙusa ta yi mini sallama ba ta ɗago kai ba. Shekara biyu ba ta taka gidan nan ba. Jaririyar da ta fita da ita a baya, da ƙafarta ta dawo, tana ɓuya daga gare ni. Duk ranar da aka ce an tare hanya ko an shiga wani ƙauye ta wajensu, nakan zauna da waya a cinya ina jin kamar ni na tura su. Shi kuwa har yau bai fasa aiko mini da naman layya ba, bai kuma ƙara shigowa ya gai da bangon nan ba. Shi ya ɗauki gaban makarar babanku bayan shekara huɗu. Kada wanda ya kuskura ya ga laifinsa a cikinku. Mutum ne da ya ba da abin da ya rage masa. In akwai laifi nawa ne, kuma ba na maganar da na yi ba ne. Da na yi ta a kwana na huɗu, ta bayan labule, ba baƙi, ba batir a ɓoye, da ya ji zafi na yini guda ya nemi doguwar waya. Na tsaya ina kare masa mutunci har sai da ya zama ba yadda zan ceci ubanku sai na zubar da shi gaba ɗaya.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru a kan tabarmar nan kafin mota ta iso. Minti goma na farko ban ga wani canji ba, ina riƙe da kansa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai kukan ƙirjin ya dawo, siriri, sannan ya buɗe. Kafaɗunsa suka sauko. Da maganin ya ƙare ya kai hannu ya janye abin daga fuskarsa da kansa. Ya dubi zaure inda baƙi suka koma, ya dubi kaina da ba kallabi, sannan ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Malama, yau kin ba ni kunya a gaban mutanen Maradun, kuma ban san da wane ido zan ƙara kallon yaron nan ba."

Bai taɓa janye maganar ba, bai kuma taɓa yi mini godiya ba har ya rasu. Ni kuwa a lokacin ba ma'anarta nake saurare ba. Jimla ce doguwa, mai gaɓa biyu, kuma ya kai ƙarshenta da numfashi ɗaya. Na ce masa, "Ƙara faɗa, Malam, ban ji ba."